Gyaran gangar Auzinawa da na yi wa injin watsa taki

Injin na kawuna ne, ya fi shekara 10 a yashe ƙarƙashin bishiyar mangwaro a gonarsa ta Ejura. Da kuɗin takin zamani ya fi ƙarfinmu, muka koma sayen kashin kaji daga gidajen gonar da ke kewayen Kumasi. Watsa shi da shebur kuwa aikin kashe baya ne, shi ya sa na ce bari in ta da wannan tsoho.

Irin wanda ba ya karɓar ƙarfi daga tarakta ne, jan sa kawai ake yi, tayoyinsa su yi sauran aikin. In taya ta juya, sarƙa ɗaya tana kaɗa fukafukan baya masu watsa takin. A jikin sandar tayoyin kuma akwai wani ƙarfe mai tozo da ke tura hannu, a bakin hannun akwai ɗan harshen ƙarfe, shi ke tunkuɗa wani faranti mai haƙora, haƙori bayan haƙori. Farantin nan ne ke jan sarƙoƙi 2 na cikin bodi, su riƙa kai taki baya a hankali. Namu fukafukai na juyawa lafiya lau, amma da an loda kaya sai ka ji ƙas, ƙas, ƙas, harshe na zamewa, taki na zaune daram.

Na duba, na ga bakin harshen ya cinye ya zama kamar kan cokali. Na ce ai ga ɓarawon. Na kwance shi na kai wa wani yaro mai walda a unguwarmu, Aboabo, na ce ya cika bakin da sandar walda mafi tauri da yake da ita, don kada in sake dawowa. Ni na zaɓi sandar da bakina, yaron bai da laifi. Kwana 2 injin ya yi yana aiki, har na fara cika baki. Rana ta 3 ƙarar ta dawo, na leƙa na tarar harshen na nan garau, amma ya aske kan haƙora 7 na farantin. Harshe kowane maƙeri zai yanka maka. Farantin kuwa ƙarfen zubi ne, kuma na zaga masu tsohon ƙarfe har ƙafata ta gaji ban ga irinsa ba.

Dole na kwance ɓangaren baya gaba ɗaya, muka kawo shi Kumasi, aboboya, wato babur mai taya uku na ɗaukar kaya, ta ƙarasa da shi Magazin ta Suame, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe, wurin wani dattijo da kawu ya sani tun suna samari. Bai ko kalli harshen ba. Ya kama sandar da farantin ke kai ya girgiza, sai ga ta tana rawa a mazauninta.

"Ɗana, ka ga wannan?"

"Na gani, Baba."

"To nan ciwon yake. Kai ka je ka yi wa tari magani."

Da aka zare sandar, bushin ɗin, wato zoben da take juyawa a cikinsa, ya zama kamar ƙwai, ita kuma ta yi ƙugu a daidai inda take gogawa. Ashe in kaya ya yi nauyi, sandar ja da baya take yi, farantin ya nisanci harshe, harshe ya riƙa kama tsinin haƙori kawai maimakon ya zauna a gindinsa. Abin da ya cinye bakinsa ke nan tun farko.

Sandar aka fara cikewa da walda, layi ɗaya a wannan gefe, a juya a yi ɗaya a wancan, don kada zafi ya lanƙwasa ta, sannan aka ɗora ta a injin sassaƙa ƙarfe aka mayar da ita kaurinta na asali. Aka sassaƙo sabon bushin na tagulla, aka huda masa hanyar giris.

Aikin farantin ne ya ci mana lokaci, ga wutar lantarki da ta yi ta wasa da mu. Ƙarfen zubi ba ya son zafin gaggawa, ba ya son sanyin gaggawa, tsagewa yake yi. Baba ya sa aka hura gawayi aka gasa farantin duka tukuna. Ya ɗauko sandar nikel, wadda tsadarta ta sa na yi shiru na ɗan lokaci, yana ɗiga walda kaɗan, ya ajiye, ya bi ta da ƙaramar guduma yana dandaƙawa tun tana da zafi, ya koma wani haƙorin can nesa. Da ya gama ya binne farantin cikin toka, ya ce kada wanda ya taɓa sai gobe. Washegari ya yanki kwali daidai da surar lafiyayyen haƙori, ya miƙa min magagari ya ce tunda ni na ɓata, ni zan gyara. Na wuni ina goga ina gwadawa da kwalin, yaran shagon na ta yi min sannu da aiki cikin dariya.

Harshen kuwa da ƙarfe mai laushi ya yanka, guda 3, ya ce in ya cinye in jefar in sa wani, gara shi ya mutu da faranti ya mutu. Ya canza sifirin ɗinsa, da na ɗaya harshen da ke hana faranti komawa baya, wanda ni ban ma lura tsatsa ta kashe shi ba.

Wajen mayarwa na gano wani abin da kaina. Sandunan da ke tsakanin sarƙoƙin bodi a karkace suke tafiya, na ƙirga na ga sarƙar hagu ta fi ta dama da ɗiya ɗaya. Irin sarƙar nan ce da ake zare 'ya'yanta da guduma, minti 5 ya ishe ni.

Mun watsa taki kafin ruwan Maris ya sauka. Kashin kaji na cin ƙarfe fiye da yadda nake zato, don haka yanzu duk ranar da aka yi aiki sai an kankare bodin, an wanke, an shafe sarƙoƙi da baƙin mai. Kafin a ɗaura wa tarakta kuma nakan kama sandar nan in girgiza. Harshe na farko ya kusa ƙarewa, saura 2 a cikin gwangwanin Milo a ɗakin kawu.