Inda Auta za ta yada zango

Asabar, unguwar Zango, Damagaram.

Yau sanyi bai raga mana ba. Da zan fita sallar asuba sai da na naɗe kai da rawani kamar Buzu, ga hazo, ko fitilar masallaci da ƙyar ake hangowa. Na dawo na tarar Inna ta hura gawayi a kasko tana gasa tafin hannu, kwalbar man kaɗanya a gefe saboda faso. Ba lakwal yau, don haka na ƙudurta zan gyara takardun ɗalibai da suka taru mini tun Laraba. Har yanzu da nake wannan rubutu suna cikin jaka, ko ɗaya ban taɓa ba, kuma Auta ce sila.

Wajen ƙarfe tara saƙon muryarta ya shigo WhatsApp, minti huɗu cur. Shekararta ta biyu ke nan tana karatu a Milan, ƙasar Italiya. Mako mai zuwa za su wani taro a Zurik ta Suwizalan, sai ta ce dawowa ba za ta bi jirgin sauri ba. Shi wannan, sa'a uku da ƴan mintoci ya kai ta gida, amma ta ramin Gotthard yake bi, kilomita 57 a ƙarƙashin dutse, ba abin da mutum zai gani sai fuskarsa a gilashi. Tana so ta zagaya ta Chur, ta hau ɗan jan jirgin nan da ke ƙetare tsaunin Bernina ya sauka Tirano, ta kwana ɗaya a hanya.

"Yaya, kai ne malamin labarin ƙasa, ka zaɓar mini garin da zan kwana. Dare ɗaya gare ni, kuɗin ɗaki ɗaya kuma."

Na yi dariya ni kaɗai har maman yara ta leƙo. Ni da ban taɓa sa ƙafa cikin jirgin ƙasa ba! A ƙasar nan dogon da muke da shi shi ne na Yamai zuwa Doso, kuma ba fasinja ke hawa ba. Na Kano zuwa Maraɗi, mai kilomita 284, muna dai jin labarin aikinsa a rediyo. A gidanmu marigayi Baba ne kaɗai ya san ƙugin jirgi, shi ma sai da ya je Kano, inda dogo ya iso tun 1911, ya hau zuwa Ikko. Har ya bar duniya yana ba mu labarin masu tallan rake da dafaffen ƙwai ta taga. Amma ƙanwa ta ce Yaya, ai ba a cewa ban sani ba.

Na ɗauko tsohuwar taswirar Turai da nake koyarwa da ita, na shimfiɗa kan tabarma, na danne kusurwoyi da kofunan shayi. Garuruwan da ta lissafo ko ɗaya babu a ciki, sun yi ƙanƙanta. Dole na koma waya, rezo kuwa yau sai a hankali, hoto ɗaya sai ka sha shayin farko kafin ya buɗe.

Saint Moritz muka fara sallama. Gari ne na masu hannu da shuni, sau biyu ana wasannin Olamfik na hunturu a can, 1928 da 1948. Da ta turo kuɗin ɗakin kwana ɗaya na juya shi zuwa sefa, sai na sake lissafin, na ɗauka sifili ne ya yi mini yawa. Bai yi ba.

Ita ranta yana kan Alp Grüm. Na ga hoton, ban kuma ga laifinta ba: tasha ce ƙwaya ɗaya tak da aka gina da dutse a kan gaɓar tsauni, mita 2,091 sama da teku, da wurin cin abinci da ƴan ɗakunan kwana a cikinta, tana fuskantar daskararriyar ƙanƙarar Palü. Mota ba ta zuwa, sai jirgi ko ƙafa. Ni kuma Poschiavo na so mata, can gangare bayan an ƙetare tsaunin. Gari ne sosai, da dandali da shaguna, kuma ko da yake cikin Suwizalan yake, Italiyanci suke yi, harshen da ta riga ta iya ciniki da shi. Hujjata ke nan: baƙo ya sauka inda in ya ce ciwon ciki yake ji za a gane.

Muka yi ta ja, ta turo murya in tura, har azahar. A tsakani na fita neman ƴan ga-ruwa, don famfo kwana uku ke nan ko ɗigo, na kuma tsaya kasuwar Dole na sayo wa Inna goro. Ƙura ta sa kowa ya yi fari fat kamar an tona shi.

Bayan la'asar Inna, wadda na ɗauka gyangyaɗi take, ta ce in ba ta wayar. Ba ta nemi ganin hoto ko ɗaya ba.

"Auta, ƙarfe nawa za ki tashi daga garin farko?"

"Sai an tashi taro, Inna. Wajen ɗaya da rabi."

"Rana fa, yaushe take faɗuwa a can?"

"Kafin biyar ma duhu ya fara. Cikin duwatsu ya fi haka sauri."

Inna ta miƙo mini wayar, ta ce, "Kai mai boko, lissafa mana."

Na lissafa, kunya ta kama ni. Zurik zuwa Chur sa'a ɗaya da kwata. Daga Chur zuwa Poschiavo ya haura sa'a uku. Ke nan wurin da aka yi zagayen dominsa, wato Ospizio Bernina, ƙololuwar hanyar, mita 2,253, da tabkin Lago Bianco da ke daskarewa ya zama fili fari, duk cikin duhu za ta wuce su. Ta gudu daga ramin Gotthard ta faɗa wani duhun, ta kuma biya kuɗi ninki. Alp Grüm ma da dare za ta isa. Ni da nake koya wa yara dalilin da ya sa yini ke gajarta a arewacin duniya cikin Disamba da Janairu, har da zana ƙwallo da fitila a allo, shi ne abin da ya kwanta mini.

Inna ba ta yi mini dariya ba, ta dai tauna goronta. Kakanta fatoma ne a nan unguwar, a gidansa ayarin gishiri ke sauke kaya in sun gangaro daga Bilma da kantu da dabino, daidai irin wannan lokaci na sanyi, kafin su nufi Kano. Sunan unguwar tamu ma ai daga nan ya samo asali: Birni na Sarki ne da fadawansa, Zango na baƙi da fatake. Ta ce abin da ta ji daga bakin manya, madugu abu uku yake dubawa kafin ya ce a sauke: akwai ruwa, akwai mutane, sannan za a isa da sauran rana. Kyan wuri ba ya cikin lissafi, wannan da safe ake ganinsa. Game da Alp Grüm kuwa magana ɗaya ta yi: "Gida ɗaya a dokar daji, ba maƙwabci, ba hanya? ƴata ba za ta kwana nan ba." Na so in ce mata Suwizalan ce, ba abin da zai faru, amma na san inda ake yin shiru.

Sai muka koma baya kan layin, muna neman inda jirgi zai kai kafin magariba. Nan Bergün ya fito, sa'a ɗaya da ƴan mintoci daga Chur, ƙauye a kan kusan mita 1,400, mai tsofaffin gidaje masu kaurin bango da zane a jikinsu. Zanen ya tuna mini gidajen Birni masu ado a fuska, sai dai nasu tagogin sun shige can ciki saboda sanyi, namu kuwa saboda rana aka ƙanƙanta su. Kafin ta isa za ta haye gadar Landwasser kusa da Filisur da sauran haske. Wannan gada na daɗe ina kallonta: ginin dutse, tsayin mita 65, ta lanƙwasa kamar lauje, ƙarshenta kuma ba ƙasa ba ce, kai tsaye take shigewa cikin rami a jikin dutse. An gama ta tun 1902. Na ce wa Auta ta tambayi ma'aikacin jirgi gefen da ya fi gani, kada ta tsaya jin nauyi.

Abin da ya ƙara kwantar mini da rai shi ne safiyar. Daga Bergün zuwa Preda jirgi na hawa mita 416 a ɗan taƙi, kuma da yake ba zai iya miƙewa tsaye ba, sai ya yi ta murɗawa cikin dutse kamar matattakalar hasumiya, kilomita 12 da ɗoriya, ka ga ƙauyen ta dama, can ka sake ganinsa ta hagu. A wannan yanki ne a Oktoban 2022 suka haɗa tarago 100, tsawon mita 1,906, jirgin fasinja mafi tsawo da aka taɓa ja. UNESCO ta sa layin cikin kayan tarihin duniya tun 2008. Duk wannan, da Bernina, da gadar Brusio mai zagaye, za ta gan su da rana tsaka, ta isa Tirano, ta kama jirgin Milan. Na kuma ce mata ta bar taragon ƴan yawon buɗe ido mai rufin gilashi, wanda sai an biya kuɗin kujera daban. Jirgin gama-gari dogo ɗaya suke bi, za ta dai canza a hanya.

Wai a ƙauyen, in hunturu ya yi, rufe hanyar mota suke daga Preda, kilomita 6, mutane su zauna kan ɗan katako su sulalo kan ƙanƙara har cikin gari. Wannan ban fassara wa Inna ba. Auta ma na gargaɗe ta kada ta turo hoto in ta yi.

Inna ta tambayi me za ta ci. Auta ta ce burodi da cuku, ga shayi, kuma ko miya ce sai ta tambayi naman da ke ciki. "Cuku? Ashe su ma Buzaye ne." Sannan ta ce a maimaita mata sunan garin. Na faɗa sau biyu, ina ƙoƙarin murɗa baki kamar yadda na ji a waya.

"Bargo?" in ji ta. "To, madalla. Ta dai tafi da nata."

Bayan isha'i kuran ya ɗauke, waya saura kashi tara. Saƙon Auta na ƙarshe ya shigo: ta kama ɗaki kusa da tasha, wanda za a iya fasawa in hanya ta rufe. Na naɗe taswirar, da tabon shayi yanzu a kan tekun Bahar Rum. Ranar Litinin da lissafin nan zan buɗe darasi, in ga ko cikin yara sittin akwai wanda zai tambayi faɗuwar rana kafin in faɗa. Inna ta kira ni daga ɗakinta, wai in ƙara mata gawayi, in kuma tambayi Auta ko tana da safa mai kauri.