Godiya ga waɗanda suka tallafa mini har na kammala digiri

Alhamdu lillahi. Jiya na karɓi takardar sakamakona, kuma na ga bai kamata in yi shiru ba.

A 2023, ina aji biyu a jami'a, aka cire tallafin man fetur, kuɗin makaranta ya tashi, a shekarar kuma Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Har na haɗa kayana zan dawo gida in kama kasuwa. Inna ce ta hana. Ta kwashi adashenta, wanda take tarawa don kayan ɗakin ƙanwata, ta ce in je in yi rajista. Inna, ba ni da bakin gode miki, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna.

Kuɗin bai kai ba. Ƙungiyar ci gaban garinmu ta cika ragowar daga asusun marayu, wani attajiri a unguwarmu kuma ya sa ni cikin masu karɓar zakkarsa, ya roƙi kada a ambaci sunansa. Ba zan ambata ba, amma Allah Ya san shi. Alawus ɗin hukumar tallafin karatu ta jiharmu, duk da ƙanƙantarsa, shi ya sai mini littattafai.

Da aka buɗe shafin NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya, a watan Mayun 2024, tsoro ya hana ni nema, don ina gudun riba. Kawu ne ya kama hannuna muka je wurin limamin masallacinmu, aka karanta sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya. Babu ruwa a kai. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa jami'a, ɗalibi kuma a ba shi naira 20,000 duk wata. Biya sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Malam ya ce in karɓa, amma in riƙe a zuciya cewa bashi ne, ba kyauta ba. Na riƙe, kuma in Allah Ya ba ni aiki zan biya, don ƙannenmu su ma su samu.

Akwai wanda nake jin nauyinsa ƙwarai: mai shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta. Sunana na NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ya saɓa da na BVN (lambar tantancewa ta banki) da harafi ɗaya, sau uku shafin NELFUND yana mayar da ni. Bawan Allahn nan ya zauna da ni har bayan isha'i, ya nuna mini inda zan je a gyara, ko sisi bai karɓa ba.

Abokan ɗakina da muka riƙa raba garin kwaki da ƙuli-ƙuli a ƙarshen wata, Allah Ya bar zumunci.

Ƙannena masu shirin neman wannan bashi, ku tanadi lambar JAMB da NIN da BVN, ku tabbata sunan iri ɗaya ne a ko'ina. Ina gida har a kira mu sansanin bautar ƙasa, duk wanda cike fom ya gagara ya same ni bayan la'asar.