Diskin da aka ce ni na cika

Tunda na ajiye aikin yanzu bakina ya buɗe, don ku da muka zauna ofis ɗaya a titin Ahmadu Bello rabin labarin sabar nan, wato babbar kwamfutar ofishinmu, kawai kuka sani.

Kun dai tuna yadda diskinta ke cika ba gaira ba dalili, ka buga umarnin duba wuri na df -h ya ce saura ƙiris ta toshe, ka buga ɗan'uwansa du ya lissafo maka fayiloli ko rabin haka ba su kai ba. Oga na ganin lambobi sun saɓa ya yanke hukunci wai finafinai nake ɓoyewa a ciki, kuma a gaban ɗaliban da suka zo IT ya faɗa, wallahi wannan ce ta fi min ciwo. Na ce ranka ya daɗe a ba ni lokaci in duba, ya ce ai mai laifi ba ya rasa ta cewa.

To df tambayar diski yake wuri nawa aka kama, shi kuwa du bin fayiloli yake ɗaya bayan ɗaya da sunansu. A Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar, in ka goge fayil da umarnin rm alhali wata manhaja na riƙe da shi a buɗe, sunan kawai ya tafi, wurin na nan a kame har sai ta sake shi. Ashe ɗan gaban goshin oga ne kullum da safe yake goge log, fayil ɗin da manhaja ke rubuta abin da take yi, da rm wai yana shara, manhajar kuma ta ci gaba da zuba rubutu cikin fayil ɗin da du ba ya gani. lsof +L1, umarnin da ke nuna fayilolin da aka goge amma suna nan a buɗe, ne ya tona asiri. Abin da ya ƙara ɗaure min laifi, duk ranar da aka ɗauke wuta batirin UPS ya mutu sabar ta sake tashi sai wurin ya dawo, oga ya ce kun gani ko, ya ji tsoro ya goge.

Na kai masa hujja a rubuce, ya duba sama-sama ya ce to a gyara. Ko sannu babu.

Sauran ƙanana ne. ext4, tsarin ajiyar fayiloli na Linux, na ware wa root, wato babban mai iko a kwamfutar, 5% na diski tun farko, ba sata ba ce. In kun yi mount, wato kun jona wani diski, a kan folda mai kaya, kayan na nan a ƙasa suna cin wuri. In an ce ba wuri alhali akwai, ku duba df -i, shi ke nuna ko adadin fayilolin da diski zai iya ɗauka ne ya cika. Kwastoman da ya sayo diski mai 1TB ya ga 931GB a Windows kuma ba cutarsa aka yi a kasuwa ba, ƙirgar ce ta bambanta.

Na saka logrotate, manhajar da ke rage tsofaffin log da kanta, kafin in tafi, bayaninsa na cikin takardar miƙa aiki da na bar wa magajina, wato dai shi ɗan gaban goshin.