Mako na shida da R: gargaɗin da na kusa toshe wa baki

Salamu alaikum 'yan uwana ɗalibai. Wannan makon ban taɓa zanen jadawali ba kamar yadda na yi niyya, domin gargaɗi guda ɗaya ya riƙe ni kwana uku, kuma ban yi nadamar kwanakin ba.

Kun san ina tara farashin gero, dawa da masara a wani ƙaramin rumbun bayanai na SQLite, ina jawo su cikin R, harshen shirye-shiryen kwamfuta na nazarin bayanai, ta ƙunshin DBI da RSQLite masu haɗa R da rumbun. Ranar Litinin da na jawo teburin, sai ga saƙo: "mixed type, first seen values of type integer, coercing other values of type string". Bayanai sun fito, babu abin da ya tsaya. Saura kaɗan in lulluɓe layin da suppressWarnings, umarnin da ke ɓoye gargaɗi, in wuce. Allah ya sa na fara duba matsakaicin farashin gero, sai na ga ya gaza kuɗin da ni da kaina na biya a kasuwa.

Ashe SQLite ba ya tsanantawa kan abin da aka zuba a ginshiƙi. Ko an ce na lambobi ne, in ka ba shi rubutu zai karɓa ya ajiye. Ni kuma a ranakun da ban samu farashi ba, "babu" nake rubutawa. R ba ya yarda ginshiƙi ɗaya ya haɗa lamba da rubutu, don haka RSQLite ya ɗauki nau'in da ya fara gani, ya tilasta wa sauran su bi. Kowane "babu" ya koma sifili, sifilan suka ja matsakaicin ƙasa. Na mayar da su NULL a rumbun, wato gurbi mara komai, wanda R ke karantawa a matsayin NA, alamar bayanin da babu shi, lissafi ya daidaita. Daga baya na gano cewa tun sigar 3.37 ta shekarar 2021, SQLite yana da teburin STRICT, wanda zai ƙi karɓar "babu" tun daga bakin ƙofa. Da shi zan sake gina nawa.

Daga nan na ce to, bari in riƙa kama duk gargaɗi ina ajiyewa. Na sa tryCatch, umarnin R mai kama kuskure da gargaɗi, na ba shi abin da zai yi idan kuskure ya zo, da abin da zai yi idan gargaɗi ya zo. A nan ne na fi so ku tsaya ku lura. Da zarar tryCatch ya kama gargaɗi, aikin da ke cikinsa ya yanke ke nan, ba ya komawa inda ya tsaya. Na samu saƙon, amma teburin bai iso ba. Ga kuskure wannan daidai ne, tunda dama aikin ya riga ya lalace. Ga gargaɗi kuwa asara ce, domin aikin zai iya ƙarasawa.

Abin da ya dace da gargaɗi shi ne withCallingHandlers. Shi yana sauraron gargaɗin a daidai inda ya taso, ka ciro saƙon da conditionMessage, ka rubuta shi a fayil tare da lokaci, sannan ka kira invokeRestart da sunan muffleWarning, aiki ya ci gaba daga inda yake. Yanzu haka nake jera su: tryCatch a waje yana jiran kuskure, withCallingHandlers a ciki yana rubuta gargaɗi. A ganina duk mai jawo bayanai daga rumbu ya kamata ya san bambancin nan tun makon farko.

Af, kafin in manta: a tsarinsa na asali R yana tara gargaɗi sai umarni ya kammala, in sun wuce 10 adadinsu kawai zai faɗa maka, kuma 50 na farko yake riƙewa. In ka sa warn ya zama 1 a cikin options, kowanne zai fito nan take. In ka sa 2, kowane gargaɗi zai zama kuskure, sai traceback ya nuna maka inda ya fito.

Sai maganar rufe haɗi tsakanin R da rumbu. A da, dbDisconnect, umarnin rufe haɗin, yana ƙarshen aikina, idan kuskure ya faɗo a tsakiya ba a kaiwa gare shi. Yanzu ina sa shi cikin on.exit, mai gudana duk lokacin da aiki ya fita, a layin da ke bin dbConnect, umarnin buɗe haɗin, kai tsaye, ko aiki ya yi kyau ko ya ɓaci haɗin zai rufu. Rubutu cikin rumbu kuma na mayar da shi ƙarƙashin dbWithTransaction, wanda ke janye komai idan an samu kuskure, kada rabin farashin mako ya shiga rabi ya maƙale.

Abu ɗaya ya rage mini. Jiya na ci karo da "database is locked", wato rumbun a kulle yake, saboda na bar fayil ɗin a buɗe a wata manhaja da gyaran da ban adana ba. Na rufe ta, ya wuce. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan gwada busy_timeout, wato lokacin jira kafin a ce rumbu a kulle yake, na daƙiƙa 5, in kuma rubuta abin da zai sake gwada haɗi sau uku kafin ya haƙura. Wanda ya riga ya yi wannan da PostgreSQL, wani rumbun bayanai da akan shiga ta hanyar sadarwa da kalmar sirri, don Allah ya faɗa mini yadda yake bambance yankewar intanet da kalmar sirri mara daidai, domin na biyun bai kamata a maimaita shi ba.