Hadarin da ya wuce gida, nan yake zuwa

Tun ranar 15 ga watan Mayu na koma ɗabi'ata ta kowace shekara, ina idar da sallar asuba sai in ɗauko waya in buɗe taswirar cibiyar nan ta Miami a Amurka da ke lura da guguwa. A hukumance lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika yana farawa ne 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, amma su tun tsakiyar Mayu suke soma fitar da hasashensu na kullum, kuma suna da dalili, don daga 2015 zuwa 2021 shekara bakwai a jere ba wadda guguwa mai suna ba ta riga 1 ga Yunin zuwa ba. Ita iska ba ruwanta da kalanda.

Taswirar ba wuya gare ta ba. In sun hango wani gajimare yana haɗuwa a teku sai su sa masa alama, ruwan ɗorawa na nufin da wuya ya zama wani abu, ruwan goro tsaka-tsaki ne, ja kuwa toh ka fara shiri. Hasashen na kwana bakwai ne. Yawancin alamomin farkon nan bajewa suke yi, kwana biyu ka duba ka ga wayam, shi ya sa wasu 'yan uwanmu a nan Houston ke ce min ina wahalar da kaina. Ni gaskiya ban yarda ba. Tsofaffin mazauna garin nan har yau suna ba da labarin guguwar Allison ta farkon Yunin 2001, wadda ko matsayin mahaukaciyar guguwa ba ta kai ba, ruwa kawai ta tsaya tana zubawa kwana da kwanaki har ta cinye unguwanni. Guguwowin farkon lokaci galibi a kusa suke tasowa, mashigin tekun Meziko ko yammacin Karibiyan, wato a bakin ƙofarmu, ba sa ba mutum dogon lokaci.

Amma abin da ya fi riƙe min zuciya yana can ɗaya gefen taswirar, wajen gaɓar Senegal. Duk wanda ya tashi a Katsina ya san hadari daga gabas yake tasowa, gari ya yi zafi ya yi tsit, sai gabas ta haɗe ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura mata na gudu suna kwashe shanya, sannan ruwa ya sauko ya wuce yamma. Muna yara ban taɓa tambayar ina yake zuwa in ya wuce mu ba. Sai da na zo ƙasar nan na fahimci ashe wani kaɗawar iska ne da ke tasowa tun daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ya ratso Chadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali yana tada hadari a hanya, duk bayan kwana uku zuwa biyar wani na biye da wani, har ya faɗa teku wajen tsibiran Cape Verde. Kusan guda 60 ne ke fita a shekara, kuma mafi yawan manyan guguwowin Atlantika daga cikinsu suke fitowa. Ranar da na fara ganin wannan a hoton tauraron ɗan Adam wallahi jikina ya yi sanyi, gajimaren da manoman garinmu ke ɗaga hannu suna roƙon Allah ya kawo, shi ne bayan sati biyu mu a nan muke roƙon Allah ya kawar.

Ba kowanne ke girma ba, alhamdulillahi. Sai ruwan tekun ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 26 da rabi, sai iskar sama da ta ƙasa ba sa jan gajimaren ta fuska biyu suna yaga shi, sannan ga ƙurar Sahara wadda ke yawan bazuwa kan teku daga tsakiyar Yuni zuwa Agusta, busasshiyar iska ce tana shaƙe hadarin tun yana jariri. Har nan Houston ƙurar ke isowa, sama ta yi fari-fari kamar hazon hunturu, mutane na ƙorafin tari ni kuma in na ganta hankalina na ɗan kwanciya. Shi ya sa a al'ada guguwowin da ke fitowa daga Afirka sai Agusta da Satumba suke ƙarfi.

Guguwar Beryl ce ta karya min wannan lissafin. Ƙarshen Yunin 2024 ta fito daga gaɓar Afirka, na ga alamarta na ce ai da saura, Yuni ne. Kafin ka ce kwabo ta daki tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada ranar 1 ga Yuli, bayan nan ta kai mataki na biyar, wato mafi ƙarfi a ma'aunin guguwa, ba a taɓa samun wadda ta kai haka da wuri irinta ba a tarihi, saboda ruwan tekun ya yi zafin da ba a saba gani ba a wannan lokacin. Ranar 8 ga Yuli ta sauka Matagorda a nan Texas, a mataki na ɗaya ma fa, amma sama da gidaje da shaguna miliyan biyu suka rasa wuta. Mu kwananmu biyar a duhu cikin zafin Yuli da yara ƙanana, naman layya da ke firiza duk ya lalace, layin gidan mai kuwa ba a magana, kuma akwai tsofaffin da zafin ne ya yi ajalinsu ba iskar ba, Allah ya kyauta.

Don haka bana tun yanzu na jera katan-katan na ruwa a gareji, na gwada janareta, na sayo batir da tocila, takardunmu na cikin leda a sama, mota kuma ba na barin tankinta ya sauka ƙasa da rabi. Maƙwabciyarmu dattijuwa ce ita kaɗai, na karɓi lambar ɗanta na ajiye.

Jiya da daddare na kira Inna, tun kafin mu gama gaisawa take ce min an yi ruwa mai yawa shekaranjiya har an fita shuka. Na ce masha Allah Inna, Allah ya ba da damina mai albarka, kuma har zuciyata na faɗa. Muna ajiye waya na buɗe taswira na gangara wajen Dakar, ga wani dunƙulen gajimare nan yana shirin fita teku, ba su sa masa alama ba tukuna.