Saba na ƙarƙashin tebur amma bidiyo ya ƙi buɗewa

A wajen aikinmu ni aka ɗora wa haɗa sabar da za a riƙa ajiye bidiyoyin horaswa, wata tsohuwar kwamfuta ce da aka jingine a sito na kakkaɓe ta na sa mata had disk mai tera 4, na ɗora Plex, manhajar da ke tura bidiyo daga saba zuwa talabijin da wayoyi, na jona ta da rauta, wato na'urar da ke raba wayifai. Wata uku komai lafiya lau har na fara jin kaina, ina ce wa mutane ai mu ba ruwanmu da data tunda kayanmu na cikin gida.

Sai ranar da intanet ta ɗauke. Mutane sun cika ɗakin taro, oga ya ce to bismillah kunna mana, talabijin kuwa sai juyi take tana neman a shiga akawun. Ga sabar nan ƙarƙashin tebur fitilarta na ƙiftawa, tsakaninta da talabijin ɗin bai fi taku biyar ba. Wlh zufa ce ta karyo min. Ƙarshe a filas na kwafi bidiyon na soka a bayan talabijin, oga bai ce komai ba, kallona kawai ya yi, kuma gara ma a ce faɗan ya yi.

Laifin nawa ne ba na kowa ba. Shi Plex ta shafin plex.tv yake tantance mai shiga, kuma a setin ɗin netwok akwai gurbin da za ka rubuta adireshin na'urorin gida da ka yarda su shiga ba tantancewa, kamar 192.168.1.0/24, tun intanet na nan ake cika shi, ni ko buɗe wurin ban taɓa yi ba. Amma fa duk wanda ka sa a ciki zai shiga ne kamar kai mai sabar, har setin zai iya taɓawa, shi ya sa daga baya adireshin talabijin kaɗai na rubuta.

Washegari da aka tashi aiki na zare kebul ɗin intanet daga bayan rauta da gangan na zauna ina gwada komai ɗaya bayan ɗaya, a nan ne asirina ya tonu sosai. Wayata tana ganin wayifai ba intanet sai ta sulale ta koma kan data, ni kuma ina ta zargin saba. Na kashe rauta na kunna sai adireshin sabar ya canza don rautar ce ke rabawa yadda ta ga dama, dole na ɗaure mata guda ɗaya da lambar MAC ɗinta, wato lambar shaidar da rauta ke gane kowace na'ura da ita. Hotunan bango da rubutun fassara na sababbin bidiyoyi ma ashe daga intanet ake jawo su, abin da ba a sauke ba tun farko babu shi.

Wani abin kuma bai ma shafi intanet ba. Fayil ɗin H.265, wani salon matse bidiyo, in talabijin ba ta gane shi ba, saba ce za ta riƙa juya shi ana cikin kallo, ka ji fankar tsohuwar nan na gurnani hoto na tsinkewa. Na bi su da HandBrake, manhajar juya bidiyo, na mayar H.264, tsohon salon da talabijin ɗin ta gane, kwana biyu tana niƙa, tun daga nan shiru kake ji.

Yanzu dai Jellyfin na ɗora a gefe, mai aiki irin na Plex, wanda ya ɓalle daga wata manhajar mai suna Emby a 2018, shi akawun da fasawod duk a cikin kwamfutar suke zaune ba ya tambayar kowa a waje. Manhajarsa a talabijin ɗinmu ba ta kai ta Plex kyau ba gaskiya, oho dai. Na rubuta adireshin sabar, 192.168.1.50:8096, da maka a takarda na manna jikin tebur da salatif, don ranar da ba na nan.