Mako biyar ɗin da suka rusa mini bidiyo

Har yanzu abin yana ci mini rai. Mako uku na yi ina haɗa bidiyon tarihin kiɗan punk na Ingila, wato wani salon kiɗan rock mai sauri da kaushi. Na biya kuɗin jirgin ƙasa zuwa Landan, na tsaya cikin sanyi a ƙofar shago mai lamba 430 a titin King's Road, inda Malcolm McLaren, manajan ƙungiyar mawaƙa ta Sex Pistols, da Vivienne Westwood suka yi sana'ar tufafi, na buɗe baki na ce Sex Pistols ne suka fara fitar da faifan punk a ƙasar. A kan wannan magana na ɗora komai.

Kwana biyu da sakin bidiyon na shiga wani shagon tsofaffin fayafayai, na nuna wa dattijon da ke tsaron wurin a wayata. Ko minti ɗaya bai yi yana kallo ba ya miƙe, ya zaro wani ƙaramin faifai daga akwati, ya ajiye mini a kan kanta. Na ƙungiyar The Damned ne, waƙar "New Rose", kamfanin Stiff. Ya ce wannan ya fito ranar 22 ga Oktoba, 1976, na Sex Pistols kuwa sai 26 ga Nuwamba. Mako biyar cif. Nan take jikina ya yi sanyi.

Da na koma gida na bi diddigi, ashe ba a nan kaɗai The Damned suka riga kowa ba. Kundinsu na farko ya fito a Fabrairun 1977, wata takwas kafin na Sex Pistols. A Afrilun shekarar suka tsallaka Amurka suka yi wasa a gidan kiɗa na CBGB da ke New York, alhali babu ƙungiyar punk ta Ingila da ta taɓa zuwa. Saurin gangar Rat Scabies da jitar Brian James, 'yan ƙungiyar The Damned, na cikin abin da matasan Kalifoniya suka ɗauka suka ƙara wa wuta, shigar mawaƙinsu Dave Vanian kuma, baƙaƙen kaya da fuska fara fat, ta share wa masu salon kiɗa da shigar da ake kira goth hanya. Ni kuwa ko sunansu ban ambata ba.

Hayaniya ce ta ruɗe ni. Ashar ɗin da Sex Pistols suka zuba a talabijin ranar 1 ga Disamba, 1976 ya cika jaridu, sai na ɗauka wanda ya fi tashe shi ne ya fara. Don Allah, in za ka ce wani ne na farko, nemo ranar da faifan kowa ya fito ka jera su a takarda. Kuma ka nuna wa wanda aka yi abin a kan idonsa tun kafin ka saki. Aikin minti goma ne, ni kuma mako uku ya ci mini.

Na sauke bidiyon, na koma na sayi faifan a hannun dattijon. Ranar Asabar zan sake ɗauka, a ƙofar gidan kiɗa na 100 Club da ke titin Oxford, inda The Damned suka buɗe wa Sex Pistols fage a Yulin 1976.